Zabura a Bakin Ruwan Kainji: Wa Ya Zaɓi Kalmomin Yabo?

Ga shirinmu na wannan mako a rubuce, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau kudancin jihar Kebbi za mu gangara, bakin ruwa. Warra nake nufi, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, da maƙwabtanta, wato Yauri da Shanga da ƙauyukan gefen tafkin Kainji. A wannan yanki, in ka wayi gari ranar Lahadi, sau biyu za ka ji an ambaci girman Allah da babbar murya. Da asuba ladan zai faɗe shi da Larabci. In hantsi ya dubi ludayi kuma, daga wata majami'a mai rufin kwano za ka jiyo mata suna rera shi da Hausa, da ganga da caki. Abin da ya ja hankalina shi ne, da yawa daga cikin masu waƙar nan ba Hausa suka sha a nono ba. Kambari ne, ko Gungawa, ko Dukkawa, ko mutanen ƙasar Zuru da neman abinci ya kawo su. Turawan da suka fara kawo musu littafin su ma ba Hausawa ba ne. Littafin kansa kuwa yawancinsa da Ibrananci da Girkanci aka rubuta shi. To ta yaya aka yi Hausa ta zama harshen yabo a wurinsu? Kuma wa ya zauna ya zaɓi kalmomin?

Tambayar ba ta banza ba ce. Duk bayan 'yan watanni sai ka ga rigima ta tashi a Facebook ko TikTok. Wani ya ce Kirista ba shi da hurumin cewa "Allah". Wani Kiristan ma ya ce ai da ma bai kamata su riƙa faɗa ba, a nemo wata kalma. A yi kwana uku ana zage-zage, a watse, ba wanda ya ƙaru da komai. Ni dai ba malamin addini ba ne, ba kuma fasto ba. Tarihin kalmomin zan ba ku, kowa ya auna da kansa.

Mu fara da littafin da ya fi kowanne ɗaukar yabo a cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista, wato Zabura. Waƙoƙi 150 ne, an kasa su kashi biyar. Sunan littafin da Ibrananci Tehillim, ma'anarsa yabo mai yawa. Guda 73 daga ciki suna ɗauke da sunan Dawuda a kansu. Mafi tsawo ita ce ta 119, aya 176, an jera ta bisa haruffan Ibrananci 22, kowane harafi da aya takwas. Mafi gajarta ta 117, aya biyu kacal. Biyar na ƙarshe, daga 146 zuwa 150, kowacce da Halleluya take buɗewa, da ita take rufewa. Wannan kalma da kuke ji a bakin maƙwabtanku umarni ne ga jama'a, cewa su yabi Yah, gajeren sunan Allah a Ibrananci. Musulmi kuwa ya san sunan Zabura tun kafin ɗan mishan na farko ya taka ƙasar Hausa, domin Alƙur'ani ya ambaci an ba Annabi Dawuda ita, a Suratun Nisa'i da Suratul Isra'i. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani nan gaba.

Hausar farko ta Littafi Mai Tsarki ba a ƙasar Hausa aka rubuta ta ba. Wani Bajamushe ne, James Frederick Schön, mai aiki da ƙungiyar mishan ta CMS. A 1841 ya biyo ayarin jiragen Ingila da suka hau kogin Kwara, tare da Samuel Ajayi Crowther. Zazzaɓi ya kashe Turawa da dama a wannan tafiya, amma Schön ya koma da ra'ayin cewa Hausa ce mabuɗin cikin ƙasa. A Saliyo ya fara koyo, a wurin bayin da aka 'yanta. Daga baya ya samu malami na gaske, wani saurayi mai suna Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa yana yaro, aka 'yanta shi a Kukawa, Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Dorugu ya zauna da Schön a Ingila, yana ba shi labarai da tatsuniyoyi, shi kuma yana rubutawa. Daga wannan zama aka fitar da Matiyu a 1857, Farawa a 1858, har aka kai ga Sabon Alkawari a 1880. Ku duba fa, Schön bai taɓa zama a Kano ko Katsina ko Zariya ba. Sunansa ne a bangon littafin, amma Hausar da ke ciki rabinta ta Dorugu ce.

Zabura kuwa ta bakin kogi ta shigo, kogin nan dai da ya ratsa Yauri. Wani likita ɗan Sikotlan, William Balfour Baikie, shi ya jagoranci jirgin Dayspring a 1857. Jirgin ya bugi dutse kusa da Jebba ya lalace, Crowther ma yana ciki. Baikie bai koma gida ba. Ya gangara ya zauna a Lakwaja, yana likitanci, yana ciniki, yana sulhunta mutane, yana koyon harsuna, har ya yi tattaki zuwa Kano a 1862. A wannan zama ya juya Zabura zuwa Hausa. Ya mutu a Saliyo a 1864 yana kan hanyar gida, bai ga aikinsa a buge ba. Sai a 1881 aka buga ta a Landan, shekara 17 bayan mutuwarsa. Wato a lokacin da ake rubuta Zaburar Hausa ta farko, Gungawa suna can sama a tsibiransu suna noman albasa, ba wanda ya san da zancen.

Aikin da ya tsaya da ƙafarsa na Dakta Walter Miller ne. A 1900 ya zo tare da Bishop Herbert Tugwell har Kano, Sarkin Kano Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Miller ya daure, a 1905 ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa. Shi ya zauna cikin Hausawa shekara da shekaru, ya yi muhawara da malamai, ya ji yadda ake magana a zaure da kasuwa. Shi da kwamitin da ya haɗa da 'yan mishan na SIM da SUM, da Hausawan da suka riƙa gyara musu magana, su suka kammala Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya, aka buga a 1932. Daga Matiyun Schön zuwa nan shekara 75 ke nan. Wajen 1979 aka sake fitar da sabuwar fassara mai sauƙin Hausa, ita ce za ka fi gani a hannun mutane a majami'u da dama.

To yanzu mu zauna kan kalmomin, domin nan ne daɗin labarin yake.

Mai fassara ya buɗe aya ta farko ta littafin Farawa, ya ga Elohim. Me zai rubuta? Ya duba Hausa sama da ƙasa, kalma ɗaya ce ga Mahaliccin sama da ƙasa: Allah. Ba Musulmi kaɗai ke faɗinta ba. Bamaguje da ke yanka wa iskoki, in ka tambaye shi wa ya yi duniya, Allah zai ce maka. Iskoki a wurinsa ƙasa suke da Allah. Da mai fassara ya ɗauko sunan wani iska ya sa, da ya ɓata littafin tun daga layin farko. Da ya ƙirƙiro sabuwar kalma, da mutane sun ɗauka wani baƙon abin bauta Turawa suka kawo. Saboda haka tun daga Schön har zuwa 1932, Allah aka rubuta. Kuma ba su suka fara ba. Kiristocin Masar da Labanan da Siriya, masu magana da Larabci, Allah suke cewa, haka yake a Littafinsu. Mutanen tsibirin Malta, waɗanda kusan dukansu Katolika ne, Alla suke cewa. Kalmar 'yar'uwa ce ga Eloah na Ibrananci da Alaha na Aramaik, harshen da Yesu ya yi magana da shi.

Rigimar ma ba tamu kaɗai ba ce. A Malesiya sai da aka je kotu. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta hana wata jaridar Katolika mai suna Herald amfani da kalmar, a 2014 kotun ƙoli ta ƙi sauraron ƙararsu, sannan a 2021 wata babbar kotu, a wata shari'a dabam, ta ce haramcin da gwamnati ta sa tun 1986 ya saɓa wa tsarin mulki. Mu a nan ba mu taɓa kai wa ga haka ba, kuma ina fatan kada mu kai.

Kada wani ya ce na share bambanci. Musulmi in ya ce Allah, tauhidi yake nufi, babu ɗa, babu abokin tarayya. Kirista in ya ce Allah, yana nufin Allah ɗaya cikin uku, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wannan saɓani na gaske ne, ya fi shekara 1,000, kuma ba a kwamen ɗin Facebook za a warware shi ba. Amma a ganina gardama kan ko shi wane ne dabam take da gardama kan wa ya mallaki kalmar. Ta farkon tsohuwa ce, malaman ɓangarorin biyu sun yi ta da ilimi. Ta biyun kuwa, a Hausa dai, tarihi bai goya mata baya ba. Kiristan Warra bai ari kalmar jiya ba. A littafinsa ya same ta, kakarsa ma a nan ta same ta.

Sai suna na biyu. A Ibrananci akwai sunan Allah na musamman mai haruffa huɗu, wanda Yahudawa ba sa furta shi saboda girmamawa, sai su ce Adonai a madadinsa. A nan masu fassara suka ɗauko kalmar Hausa tsantsa: Ubangiji. Ku tsinka ta ku gani. Uba, sai giji, tsohuwar siga ta gida, wadda ta rage a uwargijiya. Uban gida ke nan, mai gida, wanda kowa a gidan yake ƙarƙashinsa kuma cinsa da shansa suna wuyansa. Bawa ma haka yake kiran mai shi. Musulmin Hausa sun riga sun ɗaga wannan kalma sun kai ta sama, suna fassara Rabbi da ita a tafsiri. Masu fassarar Kirista suka tarar da hanya a share, suka bi. Daga nan aka samu Ubangiji Allah, da Ubangiji Mai Runduna, da Maɗaukaki, da Mai Iko Dukka.

Haka abin ya yi ta tafiya. Annabi, mala'ika, sujada, addu'a, zunubi, alheri, Attaura, Zabura, duk daga Larabci suka shigo Hausa ta hannun malaman zaure, ɗaruruwan shekaru kafin Miller. In an faɗi gaskiya, malaman allo na Katsina da Kano da Zariya su suka tanadar wa majami'ar Hausa rabin ƙamus ɗinta, ba tare da sun sani ba. Inda masu fassara suka yi taka-tsantsan shi ne inda aƙida ta rabu. Sun bar Isa suka ɗauki Yesu. A kan laƙabinsa ma fassarorin ba su daidaita ba, wata ta ce Kristi, wata ta ce Almasihu.

Akwai wata kalma da nake so ƙwarai. A Ibrananci, abin da muke kira ɗaukakar Allah, kabod suke cewa, kuma tushen kalmar nauyi ne. Abu mai daraja a wurinsu abu ne mai nauyi, wanda in ya sauka kowa zai ji. Hausa kuwa sai ta ɗauki wata hanya. Ɗaukaka daga ɗauka ta fito, wato a ɗaga abu sama. Ibrananci ya dubi yadda girma yake danne mutum, Hausa ta dubi yadda yake sa mutum ya ɗaga kai. Amma kun san wani abu? Hausa ma tana da waccan ma'anar a ɓoye. In yarinya ta ce tana jin nauyin surukinta, ai ba ɗaukarsa ta yi ba. Girmansa ne ya sa ta sunkuyar da kai, ta kasa faɗin sunansa. Wannan jin nauyin shi ne dai ya hana Bayahude furta sunan nan mai haruffa huɗu. Duk Bahaushiyar da ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗan farinta ta fahimci wannan al'ada ba sai an yi mata dogon bayani ba.

To, mun ga yadda aka haɗa littafin. Yaya aka yi ya iso bakin ruwa?

A zamanin mulkin Turawa, gwamnati ba ta cika barin 'yan mishan su yi wa'azi a manyan garuruwan sarakunan Musulmi ba. Inda aka fi sake musu shi ne ƙasashen da yawancin mutane suke kan addinin gargajiya. A wannan shiyya, ƙungiyar da ta fi shiga ita ce United Missionary Society, UMS a taƙaice, ta mutanen Kanada da Amurka. Wanda ya kafa aikin, A. W. Banfield, a ƙasar Nufe ya fara, a Tsonga, a 1905. Daga can suka riƙa hawa arewa. A 1923 suka buɗe tasha a Salka cikin Kambari, a 1925 suka buɗe a Zuru, daga baya Yelwa da Tungan Magajiya, inda suka yi asibiti. Majami'ar da ta fito daga wannan aiki ita ce UMCA, wadda har yau tana da ƙarfi a yankin. Katolika ma sun shigo, kuma yau Yauri da Ngaski da Shanga suna ƙarƙashin dayosis ɗin Kontagora.

Ɗan mishan ya iso ya tarar da harsuna barkatai. Kambari kaɗai sun kasu kashi-kashi, na Salka da na Auna da Warra da na Agwara ba duka suke jin juna sosai ba. Ga Gungawa da Tsureshe, ga Dukkawa, ga Shangawa waɗanda harshensu ma ba dangin na sauran ba ne. Amma duk waɗannan mutane suna da abu guda: ranar kasuwa da Hausa suke ciniki, haraji da Hausa ake karɓarsa, shari'a a gaban alƙali da Hausa ake yinta. Ba Turawa suka kawo wannan ba. Sarautar Yauri, ɗaya daga cikin ƙasashen da ake kira Banza Bakwai, ta daɗe da zama ta Hausa a fada, fatake kuma sun daɗe suna ratsawa zuwa Gwanja neman goro. Masanin tarihin nan Farfesa Mahdi Adamu, wanda shi kansa ɗan Ngaski ne, kusan rayuwarsa ta bincike a kan wannan ya ƙare: yadda Hausa ta bazu ta hanyar ciniki da ƙaura da sarauta. Wani masani ɗan Amurka, Frank Salamone, ya yi rubutu a shekarun 1970 kan yadda Gungawa suke komawa Yaurawa, suna barin harshensu suna ɗaukar Hausa.

Saboda haka lissafin 'yan mishan mai sauƙi ne. Ga littafi a buge tun 1932, ga harshen da kowa ke ji. Suka buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa a Salka, suna koyar da samarin yankin, su kuma suna shiga ƙauyuka da bishara. Waɗannan samari, ba Turawa ba, su suka kai Zabura tunga-tunga, a ƙafa da keke da kwale-kwale.

Yanzu ku yi tunanin yadda kalmar "yabo" ta sauka a kunnen manomin Kambari. A Hausa yabo yana da gida, kuma gidansa fada ce. Maroƙi ya tsaya ya yi wa sarki kirari, a busa kakaki, a buga tambari, talaka ya faɗi ya yi gaisuwa. Wannan manomi ya san wannan yabo, amma daga nesa, a matsayin wanda ake karɓar haraji a hannunsa. Sai ga littafi da yake kiran Allah Sarki, yana cewa sarakunan duniya ma sai sun rusuna masa. A Luka sura ta 1, waƙar Maryamu tana yabon Allah ne saboda yana sauke masu iko yana ɗaga ƙasƙantattu. Wannan fahimtata ce, amma ina ganin a nan ne littafin ya kama zuciyar mutanen da ba su da kowa a fada. An ba su izinin zama maroƙa, ga Sarkin da ba ya bukatar a bi ta hannun dogari kafin a gan shi.

Wani abin dariya kuma ya faru da kayan kiɗa. Zabura ta 150 jerin kayan kiɗa ce, tana umartar a yi yabo da kowannensu, har da rawa. Masu fassara ba su da mafita, dole su nemo sunayen Hausa. Sai ga ƙaho, ga molo, ga garaya, ga sarewa, ga kuge a cikin Littafi Mai Tsarki. Garaya fa! Kayan kiɗan maharba da 'yan bori. Kuge kuwa na fada ne da yaƙi. A lokaci guda kuma, 'yan mishan da yawa na farko suna ƙyamar ganga da rawa a majami'a, suna ganin kayan tsafi ne da shagalin giya. Abin da suka fi so shi ne Littafin Waƙoƙi, wanda yawancin abin da ke cikinsa waƙoƙin Turawa ne aka juya zuwa Hausa, da karin sautinsu na asali. Duk mai jin Hausa ya san matsalar: harshenmu yana da hawa da sauka, in ka ɗora kalma a kan muryar da ba tata ba, sai ta karkace. Waɗanda suka warware wannan mata ne. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata suka fara tsara waƙoƙinsu da kansu, ɗaya ta bayar sauran su amsa, kamar waƙar daka ko ta gaɗa, suka shigo da tulu da caki da ganga. In an yi musu magana, ai ga aya a rubuce. Yau in ka ji yabo yana tashi daga majami'a a Warra ko Yelwa, mafi yawa salon matan nan ne kake ji.

Ba za a yi maganar wannan yanki a tsallake ruwa ba. A 1964 aka fara gina madatsar Kainji, a 1968 aka kammala. Ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin da ya haura murabba'in kilomita 1,200. Tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ta nutse. Tsibiran Gungawa da gonakinsu na albasa da yawa suka tafi. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga garuruwansu aka kai su sababbin matsugunai. Ƙasa ta samu lantarki, su kuma suka rasa kushewun kakanninsu. Mutanen da aka cakuɗa a sababbin garuruwa, ga masunta baƙi da suka kwararo saboda kifin tafki, da wane harshe za su yi magana? Dam ɗin ya ƙara wa Hausa ƙarfi, a kasuwa da masallaci da majami'a baki ɗaya.

Mai karanta Zabura a Kano yana karanta ruwa ne a matsayin misali. Mai karanta ta a Warra yana kallonsa ta taga. Ta 104 tana lissafa girman Allah ta hanyar halittu, da maɓuɓɓugai da teku da abin da ke iyo a ciki da jiragen da ke ratsa shi. Ta 107 tana ba da labarin masu jirgi da guguwa ta taso musu har dabara ta ƙare. A ƙarshen littafin Ayuba, inda Allah yake nuna wa Ayuba girmansa, an kawo wasu manyan dabbobi biyu da masana da yawa suke ɗauka dorina ce da kada. Masunci a Yauri ba ya bukatar hoto kafin ya gane dorina. Ya san abin da take yi wa kwale-kwale.

Kuma ruwan nan yana ci. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga ɓangaren jihar Neja ya kife kusa da Warra da mutum fiye da 150 a ciki, waɗanda suka tsira kaɗan ne. Wata guda bai cika ba, a watan Yuni, 'yan bindiga suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai. Wani zai ce, to a irin wannan hali ina amfanin littafin yabo? A nan ne mutane da yawa ba su san Zabura ba. Littafin da aka raɗa wa suna Yabo, wajen kashi ɗaya cikin uku nasa kuka ne da ƙorafi. Mawaƙin yakan tambayi Allah dalilin da ya sa ya yi shiru, da kuma sai yaushe. Ta 88 ma a cikin duhu ta ƙare, ba ta dawo ta ce komai ya yi daidai ba. Ta 137 ta mutanen da aka raba da ƙasarsu ce, suna zaune bakin kogi an ce su yi waƙa sun kasa. Waɗanda suka tattara littafin ba su cire waɗannan ba, sun bar su a tsakiyar yabon. A tunaninsu, wanda ka kai wa kuka ka riga ka yarda ya fi ka. Musulmi da ya yi istirja'i a bakin ruwa ranar da ake tsamo gawarwaki, da Kirista da ya buɗe Zabura ta 88 a daren, ba aƙida ɗaya suke ba, amma da kalma ɗaya suka kira wanda suke kai wa ƙara.

Sai dai Hausa ba kyauta ta yi wannan aiki ba, akwai abin da ta karɓa. Kowanne daga cikin waɗannan al'ummomi yana da nasa sunan Mahalicci tun fil azal, da nasa salon kirari. Shekara da shekaru, yaron Kambari ya tashi yana jin cewa harshen uwarsa na gona ne da gida, in za a yi magana da Allah sai a sauya harshe. Tsohuwar da Hausarta ta ciniki ce kawai takan zauna a majami'a ta ji wa'azi rabi da rabi. Ni mai son Hausa ne, da ita nake cin abinci, amma ba zan ɓoye ba: yadda Ingilishi yake yi mana, haka Hausa take yi wa Tsureshe da Shanganci da ƙananan harsunan bakin tafki. Wasunsu yau tsofaffi ne kawai suke jin su sosai.

Wannan ya sa daga shekarun 1990 aka tashi da aikin rubuta harsunan Kambari, cibiyarsa a Salka. Aka tsara haruffa, aka yi littattafan koyon karatu da ƙamus, aka shiga fassara cikin harsuna uku: Tsishingini na Salka, Cishingini na wajen Agwara, da Tsikimba na Auna da Warra. Da Sabon Alkawari aka fara. Masu fassarar, waɗanda wannan karon 'ya'yan ƙasar ne, sai suka sami kansu a kujerar da Dorugu da Miller suka taɓa zama. Ga kalmar ɗaukaka, ga tsarki, ga alheri: a bar ta Hausa da kowa ya saba da ita, ko a je wurin tsofaffi a tono tasu? Kalma bayan kalma suka riƙa yanke shawara, wani wuri su ari Hausa, wani wuri su koma gida.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga tsohuwar Bussa da ruwa ya cinye. A huta lafiya.